KASA DA MAI TARAWA: SUNA ƊAYA, AIKI DABAM

A cikin ƙamus na Turanci akwai wata 'yar kalma, "adder", wadda ɗalibanmu sukan gamu da ita sau biyu kafin su gama makaranta. A darasin nazarin halittu akan ce musu sunan maciji ne mai dafi. Idan suka shiga ajin kwamfuta kuma, sai su ji an ce wani sashe ne na na'ura wanda yake tara lambobi. Yaro yakan tambaya, to, me ya haɗa maciji da lissafi? Amsar ita ce babu kome sai suna. Kama da wane ba wane ba ne.

Mun ga ya kamata mu yi bayanin su biyun a littafinmu na wannan shekara, da harshen da iyayenmu na Kahu da Kibiya da Rano za su iya karantawa, ko a karanta musu. Ɗayan yana cikin wayar da take aljihunmu, ɗayan kuwa yana kwance a gonakinmu. Wanda ya haddace suna bai san yadda abin yake aiki ba, a na farko jarrabawa zai faɗi. A na biyu yana iya rasa ƙafa, ko ma rai.

ASALIN SUNAN

Kalmomi biyu ne dabam suka zo suka yi kama. Ta na'ura ta fito daga "add", watau tarawa, ma'anarta ke nan mai tarawa. Ta maciji kuwa tsohuwar kalma ce. Turawan dā "nadder" suke cewa, ma'anarta maciji kowane iri. Da yake sukan ce "a nadder", a hankali sai kunne ya riƙa jin "an adder", har harafin farko ya faɗi. Haɗuwar tasu ke nan, ba dangi ba ne ko kaɗan. Bari mu fara da na'urar.

YADDA NA'URA TAKE TARA LAMBOBI

Ku tuna da lissafin firamare. In aka ce a tara 47 da 38, daga dama muke farawa: 7 da 8 sun zama 15, sai mu rubuta 5, mu riƙe 1. Sa'an nan 4 da 3 da ɗayan da muka riƙe, 8 ke nan. Jimla 85. Muna riƙe ɗaya ne domin alƙalumanmu goma ne kawai, daga 0 zuwa 9. Da zarar gida ya cika sai a tura ɗaya gida na gaba.

Kwamfuta ba ta da alƙaluma goma. Abin da take da shi makunnai ne, makunni kuwa ko a kunne yake ko a kashe. A kashe shi ne 0, a kunne shi ne 1. Don haka gidajen lambobinta ba ɗaya, goma, ɗari ba ne. Daga dama zuwa hagu, gidan ɗaya ne, da gidan biyu, da gidan huɗu, da gidan takwas, kowane gida ninkin na bayansa. Biyar a wurinta 101 ce, watau huɗu guda, babu biyu, da ɗaya guda. Uku kuwa 011 ce.

Dokar tarawa a wannan tsari gajeriya ce. 0 da 0 sun ba da 0. 0 da 1, ko 1 da 0, sun ba da 1. Amma 1 da 1 sun cika gida, sai a rubuta 0 a riƙe 1. Mu gwada biyar da uku. Gidan dama, 1 da 1: rubuta 0, riƙe 1. Gidan tsakiya, 0 da 1 da wanda aka riƙe: rubuta 0, riƙe 1. Gidan hagu, 1 da 0 da wanda aka riƙe: rubuta 0, riƙe 1. Wannan na ƙarshe ya sauka a sabon gida. Amsa 1000, watau takwas.

Yaya wutar lantarki take bin wannan doka? Ana haɗa makunnai su zama abin da ake kira ƙofa. Kowace ƙofa cikin waɗanda za mu ambata a nan tana da wayoyi biyu masu shiga da waya ɗaya mai fita. Ƙofar DA ba ta sakin wuta sai wannan waya da waccan duka suna kunne. Ƙofar KO tana saki in wannan ko waccan tana kunne, ko dukansu. Akwai kuma ƙofar ƊAYA KAƊAI, wadda take saki in waya ɗaya ce tak a kunne, in duka biyun ne sai ta rufe. Ku sake duba dokar tarawa. Abin da ake rubutawa shi ne amsar ƙofar ƊAYA KAƊAI, abin da ake riƙewa kuma amsar ƙofar DA. Waɗannan ƙofofi biyu in aka haɗa su, su ne rabin mai tarawa. An ce masa rabi domin yana iya tura ɗaya gaba, amma ba shi da inda zai karɓi wanda aka turo masa daga baya. In aka haɗa rabi biyu da ƙofar KO guda, an sami cikakken mai tarawa: wayoyi uku suna shiga, biyu suna fita.

Kuna iya gwada wannan a aji ba tare da wuta ba. Ɗalibai huɗu su tsaya a jere, kowa a ba shi alƙaluma biyu na gidansa. Doka ɗaya ce ga kowa: ƙirga ɗaya-ɗayan da ke hannunka, har da taɓawar da na damanka ya yi maka. In babu ko ɗaya, rubuta 0. In guda ne, rubuta 1. In biyu ne, rubuta 0 ka taɓa na hagunka. In uku ne, rubuta 1 ka taɓa shi. Ba wanda ya san jimlar duka a cikinsu, amma amsar da za ta fito a allo daidai ce. Za ku kuma lura cewa na ƙarshen layi dole ya jira kowa ya gama. Wannan jira shi ne babbar matsalar mai tarawa, musamman yanzu da na'urori suke tara gidaje 64 a lokaci guda. Saboda haka injiniyoyi suka ƙara wasu ƙofofi masu hango tun da wuri ko za a riƙe ɗaya a wane gida, don kada a tsaya jira.

Ba a kwana ɗaya aka kai nan ba. A 1642 Blaise Pascal na Faransa ya fara ƙera injin tarawa mai ƙafafun ƙarfe don ya sauƙaƙa wa mahaifinsa lissafin haraji. A 1703 Leibniz na Jamus ya buga bayanin ƙirga da 0 da 1. A 1854 George Boole, mutumin Ingila, ya tsara lissafin "gaskiya ne" da "ba gaskiya ba ne". A 1937 wani ɗalibi a Amurka, Claude Shannon, ya nuna cewa makunnan lantarki suna iya bin lissafin Boole. A wannan shekara kuma George Stibitz, ma'aikacin kamfanin tarho na Bell, ya haɗa mai tarawa a kan teburin kicin na gidansa, da makunnan tarho biyu, da batura, da ƙwan tocila biyu, da yankin gwangwani. A 1947 aka ƙirƙiro taransisto, ɗan makunnin da dattawa suka san sunansa a jikin rediyo. A 1971 kamfanin Intel ya sa taransisto 2,300 a kan ɗan guntu ɗaya mai suna 4004. A yau wayar hannu ɗaya tana ɗauke da biliyoyinsu.

Ɗebewa da ninkawa da rabawa duk kwamfuta tana mai da su tarawa ne ta wasu dabaru. Don haka duk lokacin da mai POS ya cire maka kuɗi a kasuwar Rano, ko ɗalibi ya zauna jarrabawar JAMB a gaban kwamfuta, wannan ɗan sashe yana aiki. Ba ya tunani, ba shi da wayo. Doka yake bi da sauri, abin da aka ba shi kuma shi zai tara, ko daidai ne ko kuskure.

MACIJIN DA ƘAMUS YAKE NUFI DA NA GONARMU

Yanzu mu koma ga mai rai. A nan ne suna ya fi ruɗi. In Baturen Ingila ya ce "adder", wani ɗan maciji na ƙasarsu yake nufi, shi kaɗai ne mai dafi a can, kuma da wuya ya yi kisa. Tun daga 1876 mutum 14 aka rubuta ya kashe a Birtaniya, na ƙarshensu a 1975. Ɗalibin da ya karanta haka ya ɗauka maganar kasa ake yi, ya yi babban kuskure. Wannan macijin babu shi a ƙasarmu. Namu danginsa ne, amma dafinsu ba ɗaya ba ne.

Kasa ita ce Turawa suke kira "puff adder", saboda yadda take kumbura tana huci in an matsa mata. Gajeriya ce mai kauri, tsawonta wajen mita ɗaya, kanta faffaɗa ne, launinta ya saje da busasshen ganye da ƙasa. Ba ta bin mutum, amma kuma ba ta cika gudu in ta ji tafiya ba. Lafewa take yi, ta dogara ga cewa ba za a gan ta ba. Daga nan aka sami maganar barcin kasa. Sai dai ba barci ba ne, kwanto take yi wa ɓera da kwaɗo, kuma saranta yana da saurin gaske. Ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi, 'ya'ya ashirin zuwa hamsin a ciki ɗaya ba abin mamaki ba ne. Dafinta yana cin nama. Wurin yakan kumbura ƙwarai, ya yi bororo, ya yi baƙi, in an yi jinkiri naman ya ruɓe har ya kai ga yanke yatsa ko ƙafa.

Amma wadda ta fi kashe mutane a arewacin Nijeriya ba kasa ba ce. 'Yar'uwarta ce ƙarama, kububuwa, wadda wasu suke kira gobe da nisa. Sau da yawa ba ta wuce tsawon kamu ɗaya ba. Tana son wuri mai duwatsu da ciyawa, irin gindin duwatsun da suke ko'ina a ƙasar Rano. In ta fusata takan naɗe jikinta ta riƙa goga ɓawonta yana ƙara kamar ruwa ya zuba a kaskon suya. Wanda ya ji wannan ƙara ya ja da baya.

Aikin dafinta ya kamata kowa ya fahimta. A cikin jininmu akwai wasu sinadarai da suke sa shi ya daskare in an ji rauni. Dafin kububuwa yana ta da su gaba ɗaya, su yi ta aiki a banza har su ƙare. Daga nan jinin ba ya iya daskarewa. Mutum yana iya tashi ya yi tafiyarsa, ya ci tuwo, ya ce ai ya ji sauƙi, alhali jini yana tsiyaya a dasashinsa, ko a fitsari, ko a tsohon rauni, ko a cikin ciki inda ido ba ya gani. Wani sai bayan kwana biyu ko mako guda jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa. In ba a yi magani ba, cikin mutum goma da ta sara ɗaya ko biyu suna mutuwa. In an sami maganin da ya dace da wuri, mutuwar ba ta kai biyu cikin ɗari ba.

ABIN DA AKA GANO A ƘASARMU

Yawancin sanin da duniya take da shi game da kububuwa a arewacin Nijeriya aka same shi. A shekarun 1970 Dokta David Warrell da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun bi marasa lafiya a asibitocin karkara, har da asibitin mishan na Bambur. Su ne suka bayyana wani gwaji mai sauƙi wanda har yau ake amfani da shi. Ma'aikacin lafiya zai ɗebi jini kaɗan ya zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, ya ajiye minti 20 ba tare da girgizawa ba, sa'an nan ya karkata ta. In jinin ya daskare, da sauƙi, sai a ci gaba da lura. In yana nan ruwa, dafi ya shiga jiki, sai allura. Bayan awa shida a sake gwadawa. A 1980 wani bincike ya nuna cewa a kwarin Binuwai mutum 497 cikin kowane 100,000 maciji yake sara a shekara. A yau akwai asibiti na musamman na saran maciji a Kaltungo ta Jihar Gombe, a Jami'ar Bayero ta Kano kuma Farfesa Abdulrazaq Habib ya daɗe yana jagorantar bincike a kan wannan matsala.

Maganin dafi ba daga itace ake samunsa ba. Tun 1894 Albert Calmette na Faransa ya nuna hanyar: a riƙa yi wa dabba allurar dafi kaɗan-kaɗan har jininta ya ƙera abin da yake kashe ƙarfinsa, sai a tace wannan abin a sa a kwalba. Ta haka aka yi maganin EchiTAb. An kai macizan Nijeriya Liverpool aka tatsi dafinsu, aka yi iri ɗaya da tumaki a Birtaniya, wani irin kuma da dawaki a Kosta Rika. An gwada su a kan mutum 400 a Kaltungo, aka buga sakamakon a 2010.

A nan ma suna yana yaudara. Indiya tana da tata kububuwar, sunan zuriyarsu a kimiyya ɗaya ne da tamu, amma dafin ya bambanta. A 2008 aka ba da rahoton wani asibitin karkara a Ghana da ya koma amfani da wani maganin da aka yi a Indiya. Masu mutuwa suka tashi daga kashi 1.8 cikin ɗari zuwa kashi 12.1. Kwalbar tana ɗauke da sunan maganin maciji, amma ba na macijinsu ba ne. Saboda haka kada a sayi kwalba a kasuwa don an ga hoton maciji a jikinta.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 suke mutuwa kowace shekara saboda saran maciji. A 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, a 2019 kuma ta ɗauki niyyar rage mutuwa da nakasa da rabi kafin 2030.

IN ABIN YA FARU

Na ɗaya, a janye mutumin daga wurin. Kada a tsaya farautar macijin, domin garin haka ake samun mutum na biyu.

Na biyu, a cire zobe da awarwaro da takalmi kafin kumburi ya kama.

Na uku, a kwantar masa da hankali, a tallafe ƙafar ko hannun da sanda kamar yadda ake yi wa karaya. Kada ya yi gudu ko doguwar tafiya. In babur ne, a sa shi tsakiyar mutum biyu.

Na huɗu, kada a ɗaure da igiya ko roba. Ɗauri yana tare jini, ya taimaki dafin kasa wajen kashe naman. Kada a tsaga, domin wanda kububuwa ta sara jininsa ba zai tsaya ba. Kada a tsotsa. Baƙin dutsen nan da ake mannawa, wanda har wasu 'yan mishan suka rarraba a dā da kyakkyawar niyya, an gwada shi an ga ba ya zuƙe dafi.

Na biyar, kada a ba shi asfirin ko ibuprofen, suna ƙara zubar jini. Farasitamol ya isa.

Na shida, a tafi asibiti nan da nan, ko da ya ce ba ya jin kome. In kumurci ne ya tofa wa mutum dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa tukuna.

Wani zai ce, ai wane an yi masa na gida ya warke. Gaskiya ne, kuma ga dalili. Ba kowane maciji ne mai dafi ba, mai dafin ma wani lokaci yakan sara bai zuba kome ba. Irin waɗannan mutane za su warke ko an yi musu magani ko ba a yi ba. Amma ido ba ya iya bambanta su da wanda jininsa ya riga ya tsinke. Kwalbar nan ta minti 20 ce take iya wannan.

RIGAKAFI DA NAUYIN DA KE KANMU

Sara ya fi yawa lokacin sharar gona da shuka da noma, da kuma kaka, sa'ad da ake ɗaga dammunan dawa da tarin gyaɗa da harawa. A sa dogon takalmin roba. A motsa tari da sanda kafin a sa hannu. A riƙe tocila in za a fita da dare, ko da bayan gida ne. A share ciyawa kewaye da ɗaki da rumbu, a rage ɓeraye, domin su suke jawo maciji gida. A kwana a kan gado cikin gidan sauro. Ku samari kuma, ku bar zura hannu a ramin gafiya da suri.

A Ayyukan Manzanni sura 28 mun karanta yadda maciji ya fito daga itacen wuta ya kama hannun Manzo Bulus a tsibirin Malta, bai kuwa cuce shi ba. Wannan ikon Allah ne, ba umarni ba ne gare mu mu zauna a gida. Luka, wanda ya rubuta labarin, shi kansa likita ne. Mu yi addu'a muna kan hanyar asibiti.

Muna roƙon fastoci da dattawan ikilisiya da zumuntar mata su yi abu uku tun kafin damina. A je a tambayi asibiti mafi kusa, a Kibiya ko a Rano, ko suna ajiye maganin, in babu ina suke tura mutane a Kano. A san mai mota ko babur da za a iya tashinsa da tsakar dare. A kuma ware ɗan kuɗi a asusu, domin maganin yana da tsada, neman rance kuwa yana cin lokacin da maras lafiya ba shi da shi. Maciji ba ya tambayar addinin mutum, saboda haka wannan shiri ya haɗa da dukan maƙwabtanmu.

Ku kuma ɗalibai, za ku tafi hutu gida lokacin da aikin gona ya yi yawa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kada ku tsaya ga cewa kalma ɗaya tana da ma'ana biyu. Ku nuna wa ƙannenku yadda 101 da 011 suke zama 1000, ku kuma karanta wa iyayenku abubuwa shidan nan har su zauna musu. Allah ya kiyaye mu, ya dawo da ku lafiya.